Gidan Wasan Abbey na Dublin: Abin da Tikitinka Ke Saya, da Sawun Ria Mooney a Cikinsa

Duk wanda ya sauka a Dublin da niyyar ganin babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasar Ailan, gara a faɗa masa tun da wuri cewa ginin ba zai burge shi ba. Abbey yana lamba 26 zuwa 27 a titin Lower Abbey, arewa da kogin Liffey, tafiyar minti biyu ko uku daga titin O'Connell. Daga waje sai ka ɗauka ma'aikatar gwamnati ce ta shekarun 1960: bulo mai launin toka, kusurwa huɗu, ba wani ado. Barandar da aka ƙara masa a gaba wajen 1990 ta ɗan gyara masa fuska, amma ba ta sauya halittarsa ba. Kuɗin tikitin Abbey na abin da ke faruwa a kan dandamali ne, kuma a nan gidan ya cancanci kuɗinsa fiye da yawancin takwarorinsa na birnin.

Dalilin wannan gini mara armashi shi ne gobara. Asalin Abbey an buɗe shi ranar 27 ga Disamba 1904, a wani tsohon zaure da Annie Horniman, wata Baturiyar Ingila mai hali, ta biya kuɗin gyarawa, mawaƙi W.B. Yeats da marubuciya Lady Gregory kuma suka ja ragamarsa. A 1925 sabuwar gwamnatin Ailan ta fara ba shi tallafin fam 850 a shekara, ya zama gidan wasa na farko da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa a ƙasashen da ke magana da Ingilishi. A watan Yuli na 1951, bayan an tashi daga wasa an kulle ƙofa, wuta ta kama cikin dare ta cinye dandamali da bayan fage. Shekara 15 cif 'yan wasan suka yi a gidan aro kafin a buɗe ginin yanzu, wanda ofishin Michael Scott ya zana, ranar 18 ga Yuli 1966. Mafi yawan waɗannan shekaru na zaman aro mace ɗaya ce ta riƙe aikin ba da umarni a cikinsu, Ria Mooney, kuma ba a fahimtar gidan sosai sai an san ta.

'Yar Rathmines ce, wata unguwa a kudancin Dublin. Ta shigo Abbey a 1924 tana budurwa, bayan ta yi rawa da waƙa a ƙungiyar unguwarsu ta kuma taɓa karatun zane. Shekara biyu da shigarta aka ba ta rawar da ta manne wa sunanta har ta bar duniya: Rosie Redmond, karuwar da ke zaman jiran kasuwa a mashaya, a wasan Seán O'Casey mai suna The Plough and the Stars, wanda aka fara nunawa ranar 8 ga Fabrairu 1926. Sai an san yadda aka shirya fitowa ta biyu ta wasan za a gane abin da ya tayar da ƙura. Ana cikin mashaya, Rosie na kukan cewa taron siyasa ya kashe mata ciniki. Ta taga kuma ana jin muryar mai jawabi yana rera kalaman Patrick Pearse, jagoran boren 1916 na neman 'yancin Ailan, wanda Turawan Ingila suka harbe. Can sai ga 'yan gwagwarmaya sun shigo da tutocinsu cikin mashayar. Shekara 10 kacal da boren, zawarawa da iyayen waɗanda aka kashe suna raye, wasu ma suna zaune a cikin 'yan kallo. A dare na huɗu zauren ya kaure, aka yi ta jifa, wasu suka hau dandamali, Hanna Sheehy-Skeffington na cikin jagororin masu adawa, Yeats ya fito ya ce wa 'yan kallo sun sake kunyata kansu. Tun kafin a fara nuna wasan an yi ta ba Mooney shawarar ta ƙi rawar don kada ta ɓata sunanta. Ba ta ƙi ba, kuma ta ci gaba da fitowa kowane dare.

Abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai kallo na yau shi ne abin da ta koyo a Amurka. A ƙarshen shekarun 1920 ta zauna a New York tana aiki da Eva Le Gallienne a gidan wasan Civic Repertory, inda ta yi wasa ta kuma taimaka wajen ba da umarni. Can ta ga yadda ake gina ƙungiyar 'yan wasa ta dindindin, a yi bita mai tsawo, a kula da fitar kowane harafi, a ba ƙaramar rawa kulawar da ake ba babba. Da ta dawo gida ta yi aiki a gidan wasan Gate na Dublin, ta koma Abbey, a 1937 ta buɗe zauren gwaji na matasa a Peacock, ƙaramin dandamalin Abbey, a 1944 kuma ta koma gidan Gaiety tana koyar da wasa.

Abin kunya ne ya sa aka kira ta ta dawo. A watan Nuwamba na 1947, ana cikin nuna wannan wasa na O'Casey, wani matashin marubuci, Valentin Iremonger, ya miƙe daga kujerarsa ya bayyana wa jama'a cewa aikin gidan ya lalace, ya fice. Jaridu suka ɗauka. A farkon 1948 aka naɗa Ria Mooney mai ba da umarni ta dindindin, mace ta farko da ta riƙe wannan kujera, ta kuma riƙe ta har 1963. Sai dai an ba ta aiki ba a ba ta wuƙa da nama ba. Manajan darakta Ernest Blythe, tsohon ministan kuɗi wanda ya shugabanci gidan daga 1941 zuwa 1967, shi ke riƙe da jaka, shi da hukumar gudanarwa ke zaɓen wasanni, kuma ya kafe kan cewa sabon ɗan wasa sai ya iya harshen Ailan na gargajiya kafin a ɗauke shi. A zamaninsa aka mayar wa Brendan Behan da John B. Keane rubuce-rubucensu, waɗanda daga baya suka yi suna a wasu wurare. Bayan gobara, da aka koma gidan Queen's a titin Pearse, wanda ya fi tsohon Abbey girma ga kuma kuɗin haya, dole ta sa aka riƙa neman wasan barkwanci da zai daɗe yana cika kujeru, masu sharhi kuwa suka yi ta ƙorafin cewa kullum madafar ƙauye ɗaya ake sake wa fenti. A cikin wannan ƙunci ta horar da 'yan wasa irin su Ray McAnally da T.P. McKenna da Vincent Dowling, ta riƙe ƙungiyar ba ta watse ba. Ta bar aiki a gajiye shekara 3 kafin a buɗe sabon ginin, ta rasu a watan Janairu na 1973. Ke nan dandamalin da mai tikiti ke kallo yau bai taɓa zama wurin aikinta na yau da kullum ba, amma da ƙungiyar ta tarwatse a Queen's, da babu waɗanda za su shiga cikinsa.

To, yaya zauren yake? Yadda aka gina shi a 1966 yana da kujeru 628 da bene, kuma tun farko 'yan wasa suka yi kuka da shi: dandamali mai faɗi ƙwarai amma mara zurfi, 'yan kallo a baje nesa da fage, murya na ɓacewa kafin ta kai baya. A 2007 aka sake fasalin ciki bisa zanen Jean-Guy Lecat, aka cire benen, aka mayar da kujerun 492 a jere guda mai hawa kamar matakala. Gyaran ya yi amfani sosai. Yanzu kan mutumin gabanka ba ya tare maka gani, kuma magana tana isa layin ƙarshe ba tare da ɗan wasa ya yi ihu ba. Abin da gyaran bai iya taɓawa ba shi ne faɗin dandamalin. Wanda ya zauna a layi biyu ko uku na gaba zai wuni yana juya wuya dama da hagu, musamman a wasan da ke da mutane da yawa. Wanda ya zauna a ƙarshen layi ta gefe kuma yakan rasa abin da ake yi a kusurwar da ke ɓangarensa idan an kafa bango a wurin. Kujerun da suka fi su ne na tsakiya, daga wajen layi na biyar zuwa na goma. Idan sun ƙare, gara tsakiyar layin baya da gefen layin gaba. Shafin sayar da tikiti yana nuna taswirar zauren, mutum ya zaɓi kujerarsa da kansa, don haka kada a bar wa na'ura ta zaɓa.

Peacock kuwa yana ƙarƙashin ƙasa, a cikin ginin guda, da kujeru ɗari da 'yan kai. Nan ake gwada sababbin marubuta da ƙananan wasanni, aikin da Mooney ta fara a tsohon Peacock. A ra'ayinmu, mai dare ɗaya tak a Dublin wanda ya riga ya san manyan wasannin Ailan gara ya sauka ƙasa. Kusanci ne ribarsa: ana ganin gumin ɗan wasa, ana jin numfashinsa. Kasadarsa ita ce sabon rubutu ba shi da tabbas, wani ya kama wani ya faɗi warwas, kuma a ɗaki ƙarami ba a ficewa a ɓoye. Mai keken guragu ko wanda matakala ke wahalar da shi ya kira ofishin tikiti kafin ya saya, don a tanadar masa wurin da ya dace a kowanne daga cikin zaurukan biyu.

Farashi hawa-hawa ne, gwargwadon kujera da rana. Daren Juma'a da Asabar sun fi tsada, farkon mako ya fi sauƙi, kuma akwai rangwame ga ɗalibai da tsofaffi da marasa aiki, amma sai an nuna shaida a ƙofa, don haka katin makaranta ya kasance a aljihu. Hanyar da ta fi rage kuɗi ita ce kwanakin nunin gwaji, wato 'yan darare kafin buɗewar hukuma, lokacin da masu sharhin jarida ba su zo ba tukuna. Wasan cikakke ne, da kaya da fitilu, sai dai darakta na zaune a baya yana rubuta gyara, wani lokaci canjin fage ya yi jinkiri ko fitila ta makara. Wanda ke sha'awar sana'ar kanta zai fi ƙaruwa a irin wannan dare. Daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba ake bikin wasan kwaikwayo na Dublin, wanda aka fara tun 1957, kuma a lokacin kujeru masu kyau kan ƙare makonni kafin ranar. A bisa al'ada babban zaure yana farawa ƙarfe 7:30 na yamma, Peacock ƙarfe 8, ranar Asabar kuma akan ƙara nunin rana, amma dogon wasa yakan sa a matso da lokaci, saboda haka abin da ke rubuce a tikiti shi ne abin bi. Ba a jira kowa. Wanda ya makara sai ya tsaya a waje har a sami gaɓar da za a shigar da shi, a wasan da ba shi da hutun tsakiya kuwa yana iya rasa shi gaba ɗaya. Isa da rabin awa kafin lokaci shi ne daidai.

Babbar matsalar baƙo ba kuɗi ba ce, kunne ce. Wanda ya yi karatunsa da Ingilishi, har ma ya yi digiri da shi, yana iya zama minti 20 na farko bai kama rabin abin da ake faɗa ba, domin wasannin O'Casey da karin harshen talakawan Dublin aka rubuta su, na J.M. Synge kuma da Ingilishin ƙauyukan yamma wanda aka ɗora a kan ginin jimlar harshensu na gargajiya. Ga sauri, ga habaici, 'yan gari na dariya kai kana zare ido. Maganin abu biyu ne. Na farko, a karanta taƙaitaccen labarin wasan kafin a zo. Sanin ƙarshe ba ya rage daɗin irin waɗannan wasanni. Na biyu, a nemi daren da ake nuna rubutun maganganu a allo gefen dandamali. Don kurame aka tanade shi, amma kowa na iya sayen tikitinsa, sai dai a tambayi ofishin tikiti kujerun da suka fi ganin allon, don ba daga ko'ina ake karanta shi da sauƙi ba. Akwai kuma daren da ake fassara da yaren bebaye na Ailan, da wanda ake bayyana wa makafi abin da ke faruwa ta na'urar kunne. Yawanci dare ɗaya ko biyu ne ga kowane wasa, saboda haka da su ake fara duba kalanda. A lura kuma, jifa-jifa gidan yakan nuna wasa da harshen Ailan na gargajiya zalla.

Mai zuwa da iyali ya karanta gargaɗin shekaru da ke shafin kowane wasa, kuma ya ɗauke shi da gaske. Ashar a wasan Ailan na zamani ba a ƙidaya shi, shan giya a fage abu ne na kullum, wani wasan ma yana da tsiraici. Ba a ɓoye wannan, ana rubutawa, mutane ne ba sa dubawa.

A hawa na sama akwai mashaya da wurin hutawa, kuma ko wanda ba ya sha ya kamata ya hau, don a bangon gidan aka rataye hotunan fenti na waɗanda suka kafa shi da tsofaffin 'yan wasansa, cikinsu har da aikin John Butler Yeats, mahaifin mawaƙin, waɗanda aka tsirar daga gobarar. Ana samun shayi da kofi da lemo. Hutun tsakiya kwata ne zuwa minti 20, kuma wurin ya yi wa mutum 492 kaɗan: layin abin sha da na banɗaki, musamman na mata, sukan cinye hutun duka. Wanda ke tsakiyar layi ya yanke shawarar abu ɗaya da zai yi, ba biyu ba. Ƙarancin fili ciwon ginin ne gaba ɗaya, har bayan fage, shi ya sa aka shafe shekaru ana maganar mayar da gidan wani wuri. A ƙarshe aka tsaya kan faɗaɗa shi ta wajen Eden Quay, bakin kogi, kuma a 2018 gwamnati ta sa Yuro miliyan 80 a tsarinta na raya ƙasa don wannan aiki.

Gidan yana shirya zagayen bayan fage da jagora, kuma yana da daɗi ga wanda bai taɓa tsayawa a kan dandamali ya kalli kujeru ba, ko bai ga yadda ake adana kayan wasa da tufafi ba. Inda za a kai mutum ya dogara da aikin da ake yi a ranar. Idan ana kafa sabon fage, ba a hawa dandamali. A nan ne muke da ƙorafi. Labarin da Abbey ya fi sayarwa na Yeats ne da Gregory da Synge da O'Casey da tarzomar 1907, wadda wani wasan Synge ya jawo, da ta 1926, shekarun Queen's kuwa akan tsallake su da jimla ɗaya a matsayin zamanin koma-baya. Mai son jin aikin Mooney sai ya tambaya da bakinsa. Hanya mafi inganci ita ce rumbun bayanai da ke shafin gidan na intanet, kyauta: a rubuta sunanta, sai ga jerin wasannin da ta fito da waɗanda ta ba da umarni, da shekara da sunayen abokan aiki. Tsawon jerin kaɗai ya isa ya nuna nauyin da ta ɗauka. Mai bincike mai zurfi kuwa sai ya tafi Jami'ar Galway, wadda tun 2012 ta haɗa hannu da gidan aka mayar da takardunsa na tarihi cikin kwamfuta. A ɗakin karatun jami'ar ake duba su.

Wannan mantuwa ba da ita kaɗai ta tsaya ba. Bayanta Lelia Doolan ta riƙe shugabancin fasaha na gidan daga 1971 zuwa 1973, Garry Hynes daga 1991 zuwa 1994, amma a 2015 da aka fitar da jerin wasannin cika shekara 100 da boren 1916, ɗaya tak cikin 10 mace ce ta rubuta. Wata mai zana fage, Lian Bell, ta yi magana a Facebook, abin ya zama gangami, mata suka cika zauren ranar 12 ga Nuwamba na shekarar, gidan ya amsa laifi. A 2021 Caitríona McLaughlin ta hau kujerar daraktar fasaha, kuma wanda ya duba jerin wasannin 'yan shekarun nan zai ga sunayen mata marubuta da daraktoci fiye da da. Ɗan Najeriya ma ya taɓa barin sawu a wannan dandamali: a 2007 Bisi Adigun da Roddy Doyle suka sake rubuta shahararren wasan Synge da ya jawo tarzomar 1907, suka mayar da jarumin ɗan Najeriya mai neman mafaka a Dublin.

Zuwa wurin ba wuya. Taragon cikin gari da ake kira Luas, jan layi, yana da tasha a titin Abbey dab da gidan, koren layi kuma yana tsayawa a Marlborough, kusa ƙwarai. Tashar jirgin ƙasa ta Tara Street tana ƙetaren gada, Connolly tafiyar kamar minti 10 ce. Daga filin jirgin sama bas mai lamba 41 yana kawo mutum har titin Lower Abbey. A sayi katin Leap a zuba masa kuɗi: a bas direba ba ya karɓar kuɗin takarda kuma ba ya ba da canji, a Luas kuwa ana taɓa katin a na'urar da ke kan dakalin tasha kafin a shiga da bayan an sauka, wanda ya manta na farkon tara ce ke jiransa idan masu bincike suka hau. Zuwa da mota ɓata lokaci ne, gidan ba shi da wurin ajiye motocin 'yan kallo. Bayan an tashi, wajen ƙarfe 10 na dare, unguwar takan ɗan yi hayaniyar mashaya; a bi manyan tituna masu haske.

Lokacin salla yana buƙatar lissafi, domin rana a Dublin ba ta da tsayayyen hali. A Disamba magariba takan faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 4, mutum ya yi har isha'i kafin ya shiga. A Yuni sai wajen ƙarfe 10 rana ke faɗuwa, daidai lokacin tashi. Watannin da ke da wuya su ne irin Afrilu da Satumba, inda magariba ke shigowa ana tsakiyar kashin farko na wasa, ga hutu gajere ga cunkoso. A irin wannan lokaci nunin ranar Asabar ya fi dacewa. Akwai masallaci a titin Talbot, tafiyar 'yan mintoci, kuma tsakanin nan da titunan Moore da Parnell ana samun wuraren abincin halal. A ci kafin a shiga, don yawancin madafai sun fara rufewa lokacin da ake fitowa. Mai tasowa daga gida kuma ya sani Ailan ba ta cikin yankin Schengen: bizar Faransa ko Jamus ba ta shigar da mutum, mai fasfon Najeriya ko Nijar kuma bizar Ingila ma ba ta isar masa. Ailan tana da ofishin jakadanci a Abuja, kuma kada a sayi tikitin wasa sai biza ta fito, tunda ba a saba mayar da kuɗin tikiti don mai shi bai sami zuwa ba.